Cokali, Citta da Injin Hajiya

Citta ba ta fita a ƙasarmu. Duk wanda ya tashi tsakanin Dawanau da Bichi, a kan hanyar Katsina, ya san abin da jigawarmu take iya bayarwa: gero da dawa, wake da gyaɗa, sai ɗan riɗi da zoɓo a bakin gona. Daminarmu wata huɗu ce in ta yi kirki, daga Yuni zuwa Satumba. Ita kuwa citta sai ta kwashe wata takwas ko tara a cikin ƙasa mai danshi, an lulluɓe ta da ganye da ciyawa, kafin ta nuna. Ko ka binne ta a gindin randa, ɗan ganye kawai za ta yi maka ta bushe. Duk da haka babu gidan da za ka shiga ka rasa ta. Tana cikin fura, tana cikin koko da kunun zaƙi, tana cikin yajin mai jego, mai shayi kuwa in ya rasa ta sai samari su sauya teburi. Baƙuwa ce, amma ta fi 'yan gida sanin hanyar murhu.

Daga kudancin Kaduna take zuwa mana: Kachia, Kwoi ta ƙasar Jaba, Kagarko da kewayen Kafanchan. Can ana shuka ta da farkon damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, a fara tono daga Nuwamba idan ganyen ya yi rawaya ya kwanta. Mafi yawanta tsagawa ake yi gida biyu a shanya a iskar hunturu, ta bushe ƙarau a ɗura a buhu. Irin wannan ce za ka ga an jibge a rumbunan kasuwar Dawanau, mata na tsince ta, kafin tirela ta kwasa zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen noman citta, tare da Indiya da Sin. Wannan duk yana cikin littafi. Wadda na sani da hannuna ita ce ɗanyar, mai zuwa da jar ƙasarta a jiki, mai nauyi, mai ruwa, wadda sai an wanke an kankare kafin ta ga injin markaɗe.

Iri biyu ne, kuma sunayensu sun faɗi komai. Akwai Tafin Giwa, mai ƙiba, cikinta rawaya, gaɓoɓinta manya. Akwai Yatsun Biri, siririya, mai duhu, mai lunguna, yajinta kamar ta yi faɗa da kai. Ga manomi da ɗan kasuwa, wannan maganar farashi ce. Ga mai kankarewa kuwa, maganar ko za ta tashi kafin la'asar ce ko sai an kira magariba. In aka kwance bakin buhu a tsakar gidanmu aka ga Tafin Giwa, sai ka ji ana ta barkwanci. In Yatsun Biri ce, Gwaggo takan ce, "To, yau biri ya kawo mana ziyara, kowa ta gyara zama."

Bari in faɗi yadda aka yi aikin ya shigo gidanmu, don wasu daga cikinku 'yan birni ne, suna ɗauka duk ɗan ƙauye yana da gona iya ganinsa. A wajenmu babu daji. Gona tana jingine da gona, gida yana hango gida, tsakaninsu sai gawo da ɗorawa da kuka da darbejiya. Ba a barin fili ya huta ko na shekara ɗaya. Da takin dabbobi da tokar murhu da sharar gida ake riƙe ƙasar. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga baya ya dawo Bayero, ya yi suna a duniya saboda nazarin wannan yanki na kewayen Kano tun shekarun 1960, yana mamakin yadda mutane masu yawa haka suke ci daga ƙasa kaɗan ba ta mutu ba. Mu ba mamaki muke yi ba, lissafi muke yi. Gonar kakanmu an raba ta tsakanin 'ya'ya maza biyar. Abin da Baba yake samu a rabonsa, in Allah ya sa albarka, yakan kai mu wata bakwai. Sauran watannin, shi yana dako da awo a Dawanau, mata kuma suna sana'a a cikin gida. Wata Baturiya ma, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa ta Katsina da Dorayi ta Kano, ta rubuta cewa matan kulle suna da kasuwa guda da ba a gani, wadda yara 'yan talla suke ɗauke da ita a ka. Ba ta yi ƙarya ba. A layinmu kaɗai akwai mai ƙuli-ƙuli, mai daddawa, mai saƙar hula, mai dafa-duka.

Inna ƙuli take yi da. Da gyaɗa ta yi tsada, ribar ta koma ɗan man da ake ragewa a kwalba. Ana nan sai Gwaggo ta haɗa ta da wata Hajiya a cikin Kano mai yin lemun citta a robobi da garin citta a ƙananan kwalabe. Hajiya tana da injin markaɗe, tana da firji, tana da masu saye. Abin da ba ta da shi hannaye ne da fili da haƙuri. A hunturun 2019 aka fara kawo mana buhu biyu. A 2020, da korona ta zo kowa ya koma shan citta da tafarnuwa da lemun tsami, sai buhu biyu ya zama goma. Mata goma sha huɗu suka riƙa haɗuwa a tsakar gidanmu, har da 'yan mata irina, ina shekara goma sha bakwai a lokacin.

Wanda bai yi aikin ba zai ce ai wanke-wanke ne. Ga yadda yake.

Da asuba a-kori-kura take sauke buhunan a ƙofar gida, yara maza su mirgino su ta zaure. Abu na farko shi ne a zazzage a manyan darurruka a zuba ruwa, a bar ta ta jiƙa, don jar ƙasar can ba kamar yashinmu ba ce da za ka kaɗe ya zube; manne take kamar an yi yaɓe. Amma ba a barin ta ta wuce kwana ɗaya a ruwa, in ta daɗe sai ta fara tsami, ƙanshin ya bi ruwa ya tafi. Bayan nan sai ɓallewa: a bi kowace gaɓa a karya ta daidai mahaɗa, saboda a tsakanin yatsu ƙasa da tsakuwa suke ɓuya. Tsakuwa ɗaya in ta tsallake ta shiga injin Hajiya, za mu ji labari a waya kafin azahar. Wannan aikin Iya ne, kakarmu, da tsofaffi biyu. Suna ɓallewa suna ware mai laushi da mai baƙin ciki da mai warin ruɓa. Iya ba ta gani sosai yanzu, amma da ɗan yatsa da hanci take ganewa, kuma ban taɓa ganin ruɓaɓɓiya ta wuce ta ba.

Sai wanki na biyu, wanda shi ne mai cin ƙarfi. Ana ɗibar kwano biyu ko uku a zuba a buhun algarara, a tsoma a ruwa, mutum biyu su kama baki da gindi su yi ta murzawa suna jujjuyawa. Kaushin buhun yana cire ƙasa, yana kuma ɗaye rabin ɓawon idan cittar sabon tono ce, don fatarta a lokacin kamar ta sabon dankali take. In ta kwana biyu a rumbu fatar ta kama jiki, to sai cokali.

Cokali fa, ba wuƙa ba. Ana riƙe cokalin shayi a kife, babban yatsa a bayansa, a riƙa jan bakinsa a kan cittar zuwa wajenka. Ɓawon yana fita siriri kamar takardar sigari, naman yana nan. Bakin cokali yana shiga kwana da lungu inda wuƙa sai dai ta yanke gaɓar gaba ɗaya. Inna ta hana wuƙa a wajen aikin tun ranar farko. Cewa take yi wuƙa ɓarauniya ce, kuma daɗin citta a bayanta yake. Sai da na zo makaranta na ji dalilin da sunansa: ƙwayoyin da suke riƙe man citta, inda ƙanshin yake, sun fi yawa dab da ƙarƙashin fata, saboda haka duk wanda ya fere da zurfi ya zubar da abin da aka saya. Na kuma karanta cewa manoman Kerala a Indiya da tsagin gora suke kankarewa saboda wannan dalilin, cittar Jamaika kuma da ta yi suna a kasuwannin Turai da hannu ake kankare ta ɗaya bayan ɗaya. Da na gaya wa Gwaggo, sai ta ce, "Ashe har Indiya ana shan wannan wahalar? Mu da muke ganinsu a fim suna ta rawa."

Cokalin Inna yana nan, gefe ɗaya ya cinye ya miƙe kamar an goga a dutse. Ba ta ara wa kowa shi.

Daga nan sai ɗauraya ta ƙarshe da ruwa mai kyau, a tsame a kwanduna. Wadda za a yi lemo da ita, a ranar take komawa Kano. Wadda za a yi gari da ita kuma a yayyanka ta fale-fale a baza a tamfol a kan soro, ba a ƙasa ba, kuma kada a tara ta da sauran danshi, don in fumfuna ta kama ta akwai guba da take haifarwa, afilatoksin, wadda ba a gani ba a ji a baki amma tana cin hanta. Buhu guda in ya bushe, abin da zai rage ba ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar. Sauran duk ruwa ne aka biya kuɗin mota aka ɗauko tun daga Kachia.

Ruwa shi ne babbar matsala. Aikin yana faɗowa ne daidai lokacin da rijiya take ja da baya, kuma daidai lokacin da sanyi yake tsaga fata. Buhu ɗaya yana cin jarka shida zuwa takwas. In famfon burtsatse ya lalace sai an saya wajen 'yan ga-ruwa, kuma daga kuɗin aikin ake cirewa. Ka tsoma hannu a ruwan da ya kwana a waje cikin Janairu, sannan ka kama citta da shi wuni guda. Sinadarin da yake ba ta yaji, wanda a aji muke kira jinjarol, ba ya jin komai a lafiyayyar fata da farko. Amma bari ya sami ɗan faso. Da daddare hannun sai ya riƙa zafi kamar an kara a garwashi. Alwala ma sai ka daure. Mai shayarwa sai ta wanke hannu da toka da sabulu sau biyu kafin ta ɗauki ɗanta, in ba haka ba a kwana ana jijjiga. Maganinmu man kaɗanya ne da lalle. Idan kun taɓa ganin hannuna da jan lalle har wuyan hannu a farkon zangon karatu kuka ɗauka biki na je, to ga bikin.

Kada in sa ku ɗauka duk kuka ne. Wurin akwai daɗi. Rediyo tana rataye a jikin turken awaki, ana jin labarai ana musu. A nan ake sanin wa za a aurar bayan salla, wa ta yi yaji (na gidan miji, ba na citta ba), wa mijinta ya tafi cirani Abuja bai aiko ba. Matar da ba ta fita ko'ina sai suna da biki da asibiti, ga shi ta sami dalilin da miji ba zai hana ba, don da kuɗi za ta dawo.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni sha'awa, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Yadda ake biya. Da farko Hajiya ta so ta riƙa biya a kan kowane buhu da aka kawo. Inna ta ƙi. Ta ce a biya a kan kowane kwano na kankararriya da aka mayar. Hajiya ta ɗauka wayo ake so a yi mata, alhali kuwa ita aka taimaka. In a kan buhu ake biya, kowa sauri za ta yi, wuƙa za ta fito, a fere rabi a zubar. In a kan abin da aka mayar ne, kowace mace za ta lallaɓa cittar kamar ƙwai, don duk abin da ta yanke daga aljihunta ta yanke. Inna ba ta yi boko ba, allo ta yi, amma wannan darasin sai da muka kai zango na uku kafin wani malami ya zana mana shi a allo da dogon Turanci.

Sharaɗi na biyu: ɓawo da gutsattsarin da suka karye na masu aiki ne. Hajiya ta yi dariya ta ce a ɗauka, shara ce. Ba shara ba ce. Tunda an wanke cittar tas kafin a kankare, ɓawon mai tsabta ne. Ana shanya shi a faifai, a daka, a tankaɗe. Shi ne yake shiga kunun gidaje goma sha huɗu shekara guda ba a sayi citta ba. Abin da ya yi saura a ƙulla a leda, yara su kai wa masu shayi da masu fura a bakin titi. Akwai watan da kuɗin ɓawo ya kusa kamo kuɗin aikin kansa. Wannan ba ya cikin littafin Hajiya, ba ya cikin lissafin kowa.

Da wannan kuɗin, da adashin da matan suka kafa a kansa, na gama sakandare na zana jarrabawa. Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma miƙo mini abu hannu da hannu a gaban mutane. "Ke" take cewa, ko ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa waccan." Kuɗin jarrabawata ta hannun Gwaggo suka biyo, a ƙulle a bakin zane, suna warin citta.

Sai 2023 ta zo da abubuwa uku a jere. Da farkon shekara aka yi canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace. Hajiya ta ce sai dai taransifa, matan da ba su da asusun banki suka yi sati uku suna bin mai POS yana yankar nasa. A 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin mota daga Kachia ya tashi. Na ukun shi ne ya karya mu. A daminar nan wata cuta mai ruɓar da saiwa ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna. Ganye ya yi rawaya tun lokaci bai yi ba, in aka tona sai a tarar da ruwa da wari. Gona bayan gona, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Har gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti a kan lamarin. Farashi ya ninka, ya sake ninkawa. A hunturun nan ko buhu ɗaya ba a sauke a ƙofar gidanmu ba. Azumin 2024 ya kama a watan Maris, aka sha kunu da masoro da kanumfari da ɗan barkono, ana cewa ai duk yaji ne. Ba duk yaji ba ne, kowa ya sani.

A daidai wannan lokacin sunana ya fito a nan makarantar. Baba ya yi shiru kwana biyu, na san me shirun yake nufi. Inna ba ta ce komai ba, ta aika aka ja tunkiyarta mai ciki zuwa kasuwa, Gwaggo kuma ta roƙi matan adashi aka ba ta kwasar da ba tata ba. Haka na yi rajista.

A ɗakin kwananmu na haɗu da wata 'yar Kwoi, yanzu ita ce babbar ƙawata. Ranar da ta ga ina barbaɗa garin ɓawo a shayi ta tambaye ni inda na samo, hira ta ɓarke har ƙarfe ɗaya. Mahaifinta manomin citta ne, ya yi asarar gona biyu a shekarar. Ita ta fahimtar da ni abin da ya sa abin bai warware da wuri ba. Citta ba ta da ƙwayar iri kamar gero da za ka ajiye damin iri a rumbu. Ita kanta saiwar ake gutsurawa a shuka, saboda haka manomi yana ware wani kaso mai yawa na abin da ya tona ya adana don baɗi. In gona ta ruɓe, amfani ya tafi, iri ya tafi, wanda ya rage a kasuwa kuma ya fi ƙarfin talaka, ga tsoron ko shi ma yana ɗauke da cutar, ga ƙasar kanta ba a yarda da ita ba. Ita ma da kuɗin akuya ta yi rajista. Mun yi shekaru muna jin labarin kudancin Kaduna a rediyo, kullum rikici, su ma haka suke jin namu. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa kuɗin makarantarmu daga rami ɗaya yake fitowa.

Yanzu ina zangon ƙarshe a sashen fasahar sarrafa abinci, kuma da aka zo rabon furojet na ce a ba ni citta. Malam ya haɗa ni da samari biyu na sashen injiniyan inji waɗanda suke ƙera na'urar wankewa da kankarewa: ganga ce mai ramuka, an jera buroshi a cikinta, tana juyawa ruwa yana fesowa. Nawa aikin shi ne in gwada hanyoyi huɗu, wuƙa, cokali, buhun algarara da ganga, in auna lokaci, in auna ruwa, in auna abin da aka yi asara. Gaskiya gangar ta burge ni. Abin da mata biyu za su yi awa suna murza a buhu, kafin ka gama cin gyaɗar hamsin ta gama, kuma ruwan da take ci bai kai namu ba tunda ana tacewa a mayar. Ba hannu a ruwan sanyi. Na tsaya ina kallo ina tuna fason Inna.

Labari ya kai kunnen Hajiya, don ni da bakina na gaya mata da na je neman cittar gwaji. Ta ce in an gama a faɗa mata kuɗinsa. Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Tana neman lambar NAFDAC don kayanta su shiga manyan kantuna, kuma ba jami'in da zai sa hannu a kan abin da aka kankare a tsakar gida kaji na yawo. Ita ma ta yi shekara guda injinta a rufe. Amma na fito daga gidanta ƙafata ta yi nauyi. Ganga ɗaya a bayan gidan Hajiya, yaro ɗaya yana danna maɓalli, shi ke nan a-kori-kura ta daina zuwa ƙauyenmu.

Da na je gida na nuna wa matan bidiyon a waya. Aka yi ta salati ana miƙa wa juna. Inna ta kalla sau ɗaya, ta mayar wa ƙanwata wayar, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tambayi waccan, abin yana shiga lungu?"

Na ce, "Inna, Tafin Giwa yana fitar da ita kusan duka. Yatsun Biri kam yana barin tsakanin yatsun. In aka bar ta ta daɗe a ciki don lungun ya fita, sai ya cinye bayan."

Ta ce, "To. Ɓawon fa, ina yake zuwa?"

Na ce yana bin ruwa, ya zama taɓo.

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta ci gaba da tankaɗe.

Na karanta takardun bincike sun fi ashirin a kan injinan kankare citta, daga Indiya, daga Sin, daga jami'o'inmu na nan gida. Suna auna saurin juyawa, suna auna kashi nawa na fata ya fita. Ban ga wanda ya tambayi inda ɓawon yake zuwa ba, don a wajensu shara ne, kamar yadda Hajiya ta ce.

Ga inda na tsaya, kuma na san wasu abokaina na sashen inji ba za su ji daɗi ba. Ban yarda da masu cewa a bar inji don kada mata su rasa aiki ba. Wanda yake faɗar haka bai taɓa tsoma hannu a daro da asubar hunturu ba. Wankin nan azaba ne, inji ya ɗauke shi, Allah ya raka taki gona. Amma kuma ban yarda da masu cewa ci gaba ci gaba ne, kowa zai amfana ba. Mun gani a ƙauyenmu. Iya tana ba da labarin lokacin da mata suke samun kuɗi da surfe da niƙa da daka. Da injin niƙa ya zo, wahalar ta ragu, gaskiya ne, amma kuɗin ya tashi daga cikin gida ya koma rumfar wani namiji a bakin hanya. Haka aka yi da casar gero, haka ake yi da matsar man gyaɗa. Duk sanda aikin mace ya sami inji, sai ya sami maigida. Ba a ƙarfen matsalar take ba, a wajen wanda ya mallake shi take, da kuma inda aka girke shi.

Shi ya sa a babi na biyar na rubuta shawara uku, Malam ya ja layi a ƙarƙashin biyu ya ce wannan ba kimiyyar abinci ba ce, amma ya bar mini su, ya ce in shirya kare kaina. Na ce a rage ƙarfin buroshin, gangar ta tsaya a wanki, a bar ƙarasawa ga cokali. A haka nama ba ya asara, ɓawo yana fita busasshe mai amfani. Na ce a yi ta ƙarama, mai aiki da hannu ko feda ko ƙaramin injin fetur irin na markaɗe, don wutar Nefa a garinmu baƙuwa ce ta fi cittar. Na ce kuma a yi kuɗinta daidai abin da adashin mata goma sha huɗu zai iya saya a zagaye ɗaya, a girke ta a cikin gida, a ɗaki mai siminti da ƙofa da raga, inda ko jami'i ya zo ba za a ji kunya ba. Samarin suka ce in an rage buroshi makinsu zai ragu, tunda taken aikinsu kankarewa ne ba wanki ba. Suna da gaskiyarsu. Mun daidaita a kan za a yi buroshi kala biyu, mai cirewa da sakawa.

Ban sani ba ko Hajiya za ta jira. Ban sani ba ko mazan layinmu za su bar ganga ta zauna a hannun mata ba tare da an ce a kawo yaro ya riƙa kula da ita ba. Daga "kula" ake farawa. Gwaggo ta ce ita za ta ji da wannan, kuma wanda ya san Gwaggo ba zai yi saurin musu ba.

Bana citta ta fara dawowa kaɗan-kaɗan, da tsadarta. Hajiya ta aiko buhu shida a makon jiya, huɗu daga ciki Yatsun Biri. Saura wata guda mu kare furojet a gaban malamin da zai zo daga waje, kuma akwai ginshiƙi ɗaya a jadawalina da har yanzu babu lamba a cikinsa. Na cike takarda an ba ni aron ƙaramin sikelin sashe daga Juma'a zuwa Litinin. Zan auna ɓawon kowane buhu, ɗanye da busasshe, in bi ƙanena wajen masu shayi in ji nawa suke biya. Na aika a gaya wa Inna kada a daka kafin in iso. Ƙanwata ta bugo ta ce saƙo ya isa, wai an ce in taho da man kaɗanya daga Kurmi, na gida ya ƙare.